Asma a makarantun Gombe: tazarar da ke tsakanin yaro da inhelarsa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya bi ta gaban makarantar firamare a Gombe da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe abu ɗaya zai gani, ko a Pantami ne, ko Bolari, ko Jekadafari. Hazo ya rufe gari, sanyi na busawa, ga yara nan sunkuye da tsintsiya suna share filin da bai ga ko ɗigon ruwa ba. Ƙura ta turnuƙe su har gira ta yi fari. In an gama, a tara ledoji da takardu da busasshen ganyen dogon yaro a bayan aji a cinna musu wuta, sannan a kaɗa ƙararrawa kowa ya shiga layi cikin hayaƙin. Ga yawancin yaran abin bai wuce atishawa da ɗan tari ba. Amma a cikinsu akwai wanda wannan rabin awar ta isa ta riƙe masa ƙirji har la'asar, wani lokacin ma ta kai shi gadon asibiti.

Yaron nan yana wuni a hannun makaranta, in kuwa ɗan makarantar kwana ne, wata uku cur. Babu uwarsa kusa, babu likita. Idan ciwon asma ya tashi, wanda ke tsaye a kansa malamin aji ne, ko matiron, ko firifet ɗan shekara 17. Abin da waɗannan suka sani, da abin da suka yi a minti goman farko, shi ke nuna ko yaron zai koma kan bencinsa ko za a sheƙa da shi asibiti a Keke Napep. Maganin da ke buɗe masa ƙirji, wato inhela da ake fesawa a baki a shaƙa, ƙarami ne, yana shiga aljihun wando. Abin da ke cutar da shi tazarar da mu manya muka bari tsakaninsa da wannan maganin ce, kuma tazarar kala-kala ce.

Asma ciwo ne na ƙananan hanyoyin da iska ke bi cikin huhu. A jikin mai ita, kullum akwai ɗan kumburi a bangon waɗannan hanyoyi, ko da yana wasa lafiya lau. Da zarar ya shaƙi ƙura ko hayaƙi ko iska mai sanyi, ko mura ta kama shi, sai kumburin ya ƙaru, naman da ya zagaye hanyar ya matse ta, majina mai kauri kuma ta taru a ɗan sararin da ya rage. Mai son ya ji yadda abin yake, ya toshe hancinsa, ya sa tsinken shan lemo a baki, ya gwada hawa bene yana numfashi ta cikinsa kaɗai. Fitar da iskar ma ya fi shigar da ita wuya, shi ya sa ake jin wani siririn fito daga ƙirjin yaron. Wani kuma ba ya fiton sam, busasshen tari kawai yake yi da tsakar dare, ko da asuba, ko bayan ya yi gudu.

Halin ciwon da ya fi jawo wa yara zalunci a makaranta shi ne zuwa da tafiyar da yake yi. Mai karaya kowa ya ga ɗauri, mai zazzaɓi a taɓa goshinsa a ji zafi. Mai asma kuwa ka gan shi ƙarfe tara yana ƙyalƙyala dariya, ƙarfe goma ya zo ya ce, “Malam, ƙirjina ya riƙe.” Malamin da ke fama da aji cike maƙil, wanda ya sha ganin masu ciwon cikin ƙarya ranar gwajin lissafi, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne, “Koma ka zauna, ba kai na gani ɗazu kana guje-guje ba?” Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa guje-gujen ne ma ya tayar da abin.

Kuma yaran suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke ɗauke da asma, ta kuma yi ajalin 455,000 a wannan shekarar, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu. Wani bincike da aka wallafa a 2024, ƙarƙashin jagorancin jami'ar Queen Mary ta Landan, ya tantance ɗalibai sama da 27,000 a makarantun birane na Najeriya, Ghana, Uganda, Malawi, Zimbabwe da Afirka ta Kudu. Kusan kashi 12 cikin 100 suna da alamun asma, kuma huɗu cikin biyar na masu alamun ba a taɓa gaya musu a asibiti cewa ita ce ba. A Legas aka yi ɓangaren Najeriya, inda asibitoci suka fi namu yawa, inda kuma ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take isa bayan ta sauke kayanta a kanmu. In aka ɗora wannan ma'auni a kan aji mai yara 80, maganar yara 9 ko 10 ake yi, biyu kacal suka san sunan abin da ke damunsu.

Sauran suna layin kemis. Yaro ya kwana yana tari, a ce mura ce, a sayo sirof. Bayan mako uku tarin ya dawo, a ce sanyi ne ya shige shi, a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani lokacin har da allura. Ya samu sauƙi da kansa, domin haka ciwon yake, sai a gode wa allurar. A yi ta wannan zagaye shekara da shekaru ba wanda ya tsaya ya tambaya: sau nawa tarin nan ya dawo bana, da wane lokaci yake tashi, akwai mai irinsa a dangi? Da waɗannan tambayoyin likita ma yake farawa.

Akwai kuma waɗanda sun sani sarai amma sun rufe, kuma nan ne abin ya fi taɓa mini rai. Uwa ta san 'yarta na da asma, har an rubuta musu inhela a asibiti, amma ranar kai ta makarantar kwana, da aka miƙo takardar da ke tambayar ko yarinya na da wani ciwo, sai uban ya rubuta babu. Dalilansu ba na wasa ba ne. Suna tsoron a ce ta koma gida. Suna tsoron ƙawaye su guje ta, domin har yau mutane da yawa na haɗa asma da tarin fuka, suna zaton ana ɗauka ta kofin shan ruwa. Suna tsoron abin da za a faɗa nan da 'yan shekaru in manema suka fara sallama, a ce ai gidan su wance akwai ciwon gado. Tarin fuka ƙwayar cuta ke kawo shi, ana ɗaukarsa, ana kuma warkewa da maganin wata shida. Asma ba a ɗaukarta daga kowa. Takan bi dangi a wasu gidajen, gaskiya ne, amma mace mai asma da ke kan magani tana karatunta, ta yi aure, ta haihu lafiya. Wannan rufin asiri da iyaye ke ganin sun yi wa 'yarsu, ƙarshensa shi ne daren da ta kasa numfashi a ɗakin kwana da ƙarfe biyu, babu mutum ɗaya a ginin da ya san me ke faruwa. Sai a ce iska ce ta buge ta, a yanyame ta, a kawo garwashi a yi mata hayaƙi. Hayaƙin kuwa shi zai ƙarasa toshe ɗan abin da ya rage.

Maganin kansa yana fama da baƙin jini. Za ka ji ana cewa, “Kada ki bari su ɗora shi a kan inhela, in ya saba shi ke nan,” ko a ce sai ciwo ya kai maƙura ake ba da ita. Duka biyun ba haka ba ne. Inhela ba ta zama jaraba. Tana kai ɗan magani kaɗan kai tsaye cikin huhu, ya fara aiki a 'yan mintuna. Ƙwayar salbutamol da sirof ɗinsa, waɗanda iyaye suka fi sakin jiki da su, sai sun bi ta ciki sun zagaya jini kafin su fara aiki, ga rawar jiki da bugun zuciyar da suke sa wa fiye da na shaƙa.

Iri biyu ce, kuma dole malami ya san bambancinsu. Akwai ta gaggawa, galibi shuɗiya, mai salbutamol, wadda aka fi sani da sunan Ventolin. Tana sassauta naman da ya matse, hanya ta buɗe nan take, amma ba ta taɓa kumburin. Akwai ta kariya, sau da yawa ruwan ƙasa, mai irin su beclometasone ko budesonide, wadda ake shaƙa kullum ko da yaro lafiyarsa ƙalau, ita ce ke kwantar da kumburin sannu a hankali. Miƙa wa yaro ta kariya zalla alhali numfashinsa na ɗaukewa ɓata lokaci ne. Barinsa a kan shuɗiyar kaɗai shekara da shekaru shi ma hatsari ne, kuma tun 2019 ƙungiyar GINA, mai tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina amincewa da hakan ga matasa da manya. Yaron da ke neman shuɗiyar fiye da sau biyu a mako, ko tari ke tashinsa daga barci, ciwonsa bai kwanta ba. Malamin aji ya fi uban yaro damar lura da wannan, domin shi ke ganin sau nawa hannu ke shiga aljihu, shi ke ganin gyangyaɗin darasin farko da fashin kwana uku nan, mako guda can. Kafin a zane yaron a sa shi cikin daƙiƙai, a kira uban a ce, “Alhaji, yaron nan ya yi fashi da yawa a zangon nan saboda ƙirji, don Allah a mai da shi wajen likita.”

Sai kuɗi. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, mai yin Ventolin, ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a Najeriya, daidai lokacin da darajar naira ke zubewa. Farashin inhela ya yi tashin gwauron zabi, wani lokacin ma ta yi ɓatan dabo a shagunan magani. Akwai salbutamol na wasu kamfanoni masu rajistar NAFDAC, masu sauƙin kuɗi, kuma sinadarin ɗaya ne, amma iyaye da yawa gani suke in ba wancan sunan ba to jabu ne. Gidan da ke da inhela guda tak, da wuya uwa ta yarda ta sa ta a jakar ɗan aji uku ya je ya yar a filin wasa. Sai ta adana ta a ƙarƙashin matashi. Ban ga laifinta ba. Amma maganin yana Tudun Wada ke nan, yaron kuma yana can makaranta yana haki.

Ko an zo da ita makarantar ma ba a tsira ba. Makarantun kwana da yawa suna binciken akwati a bakin ƙofa ranar dawowa hutu, duk maganin da aka samu a karɓe a kai ɗakin shan magani. Dokar tana da tushe. Kowa ya san ɓarnar da shaye-shaye ya yi wa matasan Arewa, har gwamnatin tarayya ta haramta sirof ɗin tari mai kodin a 2018. Sai dai dokar da aka yi domin kodin da tiramol ta rutsa da inhela. Ɗakin shan maganin ana rufe shi da yamma, mai makullin yana kwana cikin gari, asma kuwa ta fi tashi da tsakar dare da goshin asuba. A makarantun jeka-ka-dawo, ana jefa ta a durowar hedimasta, shi kuma ya tafi taro ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.

Wasu ƙasashe sai da suka rasa rai kafin su gyara. A lardin Ontario na Kanada, a 2012, wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Ryan Gibbons ya rasu bayan asma ta tashi masa yana filin wasan makaranta. Inhelarsa na kulle a ofis kamar yadda dokar makarantar ta tanada, abokansa na ƙoƙarin kai shi can ya suma a hanya. A 2015 lardin ya yi doka da sunan yaron, wadda ta wajabta wa makarantu su bar ɗalibi ya riƙe inhelarsa da izinin iyaye. Ingila kuma tun Oktoban 2014 ta ba makarantu damar sayen shuɗiya su ajiye saboda yaron da ya manto tasa ko ta ƙare masa. Babu ɗaya cikin matakan nan biyu da ya fi ƙarfin makaranta a Dukku ko Kaltungo. Na farkon ma ko kwabo ba ya ci.

To me malami zai yi idan abin ya faru a gabansa? Ya zaunar da yaron a miƙe, ya ɗan sunkuyo gaba ya dafa benci. Kada a kwantar da shi, kwanciya ƙara matse ƙirji take yi. Ya kori 'yan kallo, ya ɓalle masa maɓallin wuya, ya yi masa magana da murya a kwance, domin firgici na ƙara hargitsa numfashi: “Kwantar da hankalinka, ɗana, ga maganinka nan, ina tare da kai.” Ya girgiza shuɗiyar ya ba shi fesa ɗaya, a jira daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, a sake girgizawa a sake fesa ɗaya, har zuwa goma in bukata ta kai. Hannun yaron zai iya ɗan rawa, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri. Aikin maganin ne, yana wucewa, kuma bai kai hatsarin hana shi ba.

Yawancin yara, har manya ma, ba su iya daidaita fesawa da jan numfashi ba, balle a cikin tashin hankali, sai maganin ya tsaya a harshe da maƙogwaro. Shi ya sa ake haɗawa da wata 'yar gora da ma'aikatan lafiya ke kira sifesa: inhela a gefe guda, baki a ɗaya gefen, a fesa sau ɗaya a ciki, yaron ya ja numfashi a nutse sau huɗu ko biyar. Ta kanti tana da tsada, amma tun 1999 likitocin yara a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka nuna cewa gorar ruwa ta roba mai rabin lita tana yin aikin, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yarda da haka. A wanke gorar da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta, a huda gindinta daidai girman bakin inhelar yadda zai shiga ya matse ba inda iska za ta kuɓuce, yaron kuma ya kama bakin gorar da leɓɓansa. Irin gorar nan ce da ake zubarwa bayan kowane taron biki.

Akwai alamun da in an gani ba a jira. Yaron ya kasa haɗa magana sai kalma-kalma. Fatar tsakanin haƙarƙarinsa da ramin wuyansa na lotsawa da kowane numfashi. Leɓɓansa ko harshensa sun koma toka-toka ko shuɗi. Ya fara gyangyaɗi ko ruɗewa, ko an yi fesa goma babu canji. Mafi yaudara a cikinsu shi ne fiton ya ɗauke alhali yaron na ci gaba da wahala; sai a ce alhamdu lillahi ya lafa, ashe iskar ce ta daina wucewa. Nan take a nemi abin hawa, babban mutum ya raka shi, a ci gaba da ba shi maganin a hanya, a kira iyaye su tarar da su can. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha, a ƙauye kuma cibiyar lafiya mafi kusa. Abin da nake roƙon kowane hedimasta ya haramta shi ne al'adar nan ta “ɗauki jakarka ka tafi gida.” Tura yaro mai haki ya taka cikin ƙura shi kaɗai, ko a haɗa shi da ƙaninsa ɗan aji ɗaya, ya fi barinsa a aji hatsari. Addu'a kuwa ba ta hana fesawa, hannu na aiki baki na ambaton Allah.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da hujja: in na ba ɗan wani magani ya mutu a hannuna fa? Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba zai so ya ɗauko wa kansa shari'a ba. Lallashi ba zai cire wannan tsoron ba, sai takarda. Rabin shafi ya isa: sunan yaro, abin da ke tayar masa da ciwon, inhelar da yake amfani da ita da yawan fesawa, lambar waya biyu, sa hannun uba ko uwa cewa sun yarda malami ya taimaka masa, da hatimin ma'aikacin lafiya. Kwafi ɗaya a ofis, ɗaya wajen malamin aji ko mai kula da ɗakin kwana. A saman wannan, wasiƙar umarni daga Ma'aikatar Ilimi da hukumar SUBEB mai kula da ilimin matakin farko a jiha da ta faɗa ƙarara cewa ɗalibi mai asma yana da izinin riƙe inhelarsa, malamin da ya taimaka masa bisa wannan takarda kuma aikinsa ya yi. Najeriya tana da manufar lafiyar makarantu ta ƙasa tun 2006, wadda ta yi maganar duba lafiyar ɗalibai da kayan agajin gaggawa. Amma duk wanda ya leƙa akwatin agajin makarantu da yawa, in akwai akwatin, ya san abin da ke ciki: farasitamol, auduga, almakashi.

A kan hana ciwon tashi tun farko, makaranta ta fi asibiti iko. A yayyafa ruwa kafin shara. Inda ruwa ke wuya, kuma a Gombe wannan ba ƙaramar magana ba ce, a cire mai asma daga cikin masu shara da goge allo, a ba shi tattara littattafai ko rubuta sunayen makararru. Ban yarda a zaunar da shi ba aikin komai ba, domin 'yan ajinsu za su tsane shi, shi ma ya fara ɗaukar kansa musaki. A matsar da shi daga bencin gaba inda garin alli ke sauka. A daina ƙona bola yara na makaranta. Da safiyar hunturu a bar shi ya sa rigar sanyi, ya rufe hanci da baki, ko da launin bai dace da yunifom ba. Tsallen kwaɗo da zagaye fili da gudu a matsayin horo kuwa, ga mai asma wasa da rai ne. A ɗakin kwana abin ya fi muni: an toshe tagogi saboda sanyi, an kunna igiyar leko, wani ya yayyafa fiya-fiya, wata ta sa turaren wuta, ga katifun da ba su ga rana ba tun farkon zango, ga kyankyasai. Gidan sauro yana korar sauron ba hayaƙi, shanya katifa ranar Asabar kuma kyauta ce.

Sai dai kada tausayi ya wuce gona da iri, a ce ba ƙwallo ba gudu, zauna gindin bishiya ka riƙe wa mutane takalma. Yaron da ciwonsa ke kan magani zai iya duk wasan da sa'o'insa ke yi. Paul Scholes da David Beckham sun buga wa Manchester United shekaru suna ɗauke da asma. Ya ɗumama jiki a hankali, inhela na bakin fili, in ya ɗaga hannu a bar shi ya tsaya ba tare da an kira shi rago ba. Ranar hazo mai kauri ko yana fama da mura, ya huta.

Azumi ma yana shigowa, musamman yanzu da Ramadan ke faɗowa a ƙarshen hunturu. 'Yan sakandare kan ƙi shaƙa da rana don kada azumi ya karye, su yi ta dauriya har ciwon ya yi nisa. Malamai sun yi saɓani: Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin suna ganin inhela ba ta karya azumi, wasu na ganin tana karyawa sai a rama. Amma babu wanda ya ce mai shaƙewa ya jira magariba, Suratul Baƙara ta ba marar lafiya rangwame a fili. Malamin addini na makaranta ne ya dace ya faɗi wannan a asambili kafin watan ya kama, domin daga bakinsa za a fi ɗauka.

Akwai kuma yaran da duk maganar nan ba ta isa gare su, almajiran tsangaya. Suna karatun dare da na asuba zagaye da wuta, suna kwana a zaure ko rumfa cikin sanyi, iyayensu na wani gari, ba mai lissafa sau nawa tarin ya dawo. Shirin horar da malamai da ya tsaya a makarantun boko ya bar yaran da suka fi kowa shaƙar hayaƙi. Alaramma ya san wane yaro ne tari ke hana wa barci. Abin da ya rage a nuna masa cewa tarin nan yana da suna, yana da magani, kuma a zaunar da yaron ta inda iska ke kaɗa hayaƙin nesa da shi.

Wani zai ce, a jihar da ake fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da yaran da ba su ma shiga aji ba, asma za a sa a gaba? Ba a ce a ajiye waɗancan ba, amma a duba ƙanƙantar abin da wannan ke nema. Gombe na da gundumomi 114 a ƙananan hukumomi 11, kuma gwamnatin jihar ta yi aikin gyara cibiyar lafiya a matakin farko a kowace gunduma. Ma'aikacin lafiya ɗaya daga kowace cibiya, in an horar da shi, zai iya zagaya makarantun gundumarsa, boko da Islamiyya da tsangaya, ya zauna da malamai awa biyu da inhela da gorar roba a hannu, kowa ya gwada da kansa. Kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, ko ƙungiyar iyaye da malamai za su iya sayen shuɗiya guda ta gaggawa, wadda ke ɗauke da fesa 200. A ajiye ta inda ba a kullewa, a naɗa mutum biyu masu duba ranar lalacewarta kowane zango, a riƙa rubuta wanda aka ba da ranar da aka ba shi, kowane yaro kuma da gorarsa daban. Batun inhelar kariya kuwa a gaban hukumar GoHealth mai kula da inshorar lafiya ta jihar ya kamata a kai shi, domin ita ce iyaye suka fi kasa saya wata bayan wata, ita ce kuma ke rage yawan tashin ciwon.

Ranar Asma ta Duniya tana faɗowa a Talatar farko ta watan Mayu. Ga Gombe da Bauchi, lokacin da ya dace a yi wannan zagaye shi ne Satumba da Oktoba, sa'ad da ake rajistar sababbin ɗalibai, iyaye na tsaye a ofis da takardu a hannu, hazo kuma bai sauko ba tukuna. A takardar rajistar, maimakon a tambayi ko yaro na da wani ciwo, tambayar da kowa zai amsa da a'a, a tambayi ko yana tarin dare mai dawowa, ko ƙirjinsa na fito in ya yi gudu, ko an taɓa rubuta masa abin shaƙa. A kuma rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa amsa e ba za ta hana kowa gurbin karatu ba.